Damfar kan babur mai ƙafa huɗu: mai sanda ko mai gwangwani?

Kututturen da ya sa na fara neman wannan na'ura bai fi tsawon tafin hannu ba. Ragowar wata sabara ce da aka sare a gefen hanyar gona, ciyawa ta lulluɓe ta. Ina tafe a kan babur ɗina mai ƙafa huɗu, Yamaha Raptor 700, ba wani gudun a-zo-a-gani nake ba, sai tayar gaba ta dama ta yi karo da shi. Kafin in ankara kan babur ɗin ya fizge zuwa dama, mariƙin hagu ya suɓuce daga hannuna, na dama kuma ya dawo ya daki gindin babban yatsana, daidai wanda nake danna totur da shi. Allah ya kiyaye ban faɗi ba. Amma sati biyu cur da cokali nake cin tuwo, yara suna kallona suna ƙunshe dariya.

Abin da ke rage irin wannan fizga shi ne damfar sitiyari. Damfa fa na ce, ba damfara ba, ko da yake in ka faɗa hannun wani mai sayarwar sai ka samu duka biyun a kwali ɗaya. Aikinta bai da wuyar ganewa. Ɗauki sirinjin allura ka cika shi da ruwa. In ka tura a hankali, ruwan zai fita salin-alin. In ka danna da ƙarfi lokaci guda, sai ka ji ya tokare. Haka cikin damfa yake: mai ne marar kauri a rufe, da wani abu da ke tura shi ta wata 'yar ƙaramar kafa. Juyin da hannunka ke yi don shan kwana a hankali yake zuwa, man yana samun hanya ya wuce. Bugun dutse kuwa farat ɗaya yake zuwa, sai man ya ƙi wucewa da sauri, damfar ta shanye ƙarfin kafin ya iso wuyan hannunka.

Me ya sa mai ƙafa huɗu ya fi babur ɗin acaɓa buƙatarta? Tayar gaban acaɓa tana ƙarƙashin wuyan babur ɗin ne kai tsaye, duk abin da ta daka, bugun a tsakiya yake sauka. Mai ƙafa huɗu kuwa tayoyinsa suna can gefe da gefe. In ɗaya ta daki abu ɗayar ba ta daka ba, wadda ta daka za ta ja baya ta murɗa, tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari, ya kwashi murɗar ya kai wa sandar sitiyari, ita kuma ta miƙa maka a hannu. Gwargwadon nisan tsakiyar taya daga inda take juyawa, gwargwadon ƙarfin fizgar. Shi ya sa masu ƙara wa babur faɗi da zoben da ake sa wa a bayan wili suke fara kukan ciwon hannu bayan 'yan kwanaki. Shi ya sa kuma masu tsere suka fi son wilin gaba mai lamba 4+1 a kan mai 3+2, domin na farkon yana jawo tsakiyar taya kusa da boljoyin, wato mahaɗin da tayar ke juyawa a kansa. Wani lokacin sauya wili kawai yana rage rabin abin da mutum ke shirin kashe wa kuɗin damfa.

Ranar da na kai wa bakanikena damfar farko, ko kwalin bai buɗe ba. Jak ya sa ya ɗaga gaban babur ɗin, ya kama taya hagu da dama ya girgiza.

“Alhaji, zo ka sa hannunka nan ka ji.”

Na sa. Wani ɗan ƙwas-ƙwas ne ke tashi daga ciki.

“Kan tayarod ne ya gama aiki. Ko ta zinare ka ɗaura masa, wallahi ba za ta hana shi rawa ba. Bari mu fara da wannan tukuna.”

Gaskiya ya faɗa. Muka sauya kan tayarod, muka duba boljoyin da boris na tayoyi da bushin ɗin sandar sitiyari, muka gyara saitin tayoyin gaba. Sai iska. Tayar irin wannan babur ba ta son iska da yawa, yawanci abin da kamfani ke rubutawa yana tsakanin 3 da 7 ne a gejin da mai faci ke sa wa mota 30 ko fiye. Gejin mota ma ba ya iya karanta ƙaramar lamba irin wannan daidai, sai da nasa na musamman. Na taɓa ganin wanda mai faci ya ɗura wa 15, yana ta tsalle kamar ƙwallo, mai shi yana cewa sitiyari ya lalace. In tayar hagu ta fi ta dama iska ko da kaɗan ne, babur zai riƙa ja gefe guda, kuma babu damfar da ke gyara wannan.

To, in gaban babur lafiya lau yake, sai a zo ga zaɓi. Iri biyu ne a kasuwa.

Ta farko ita ce mai sanda. Ƙaramar shokozoba ce a kwance, kai ɗaya a ɗaure jikin firam, ɗayan a kan wani maƙali da ake damƙe sandar sitiyari da shi. In ka juya kai, sandar tana shiga tana fita cikin bututun mai. A bakinta akwai ɗan abin murɗawa mai ƙas-ƙas, kowace murɗa tana ƙara tauri ko ta rage. Kamfanin Streamline, alal misali, yana da mai mataki 7 da mai mataki 11. Kuɗinta da sauƙi, lokacin da nake neman tawa, a Amurka ta kamfani sananne ba ta cika wuce dala 200 ba. Ɗaurawa ba ta ɗaukar fiye da awa guda ga mai sifana da haƙuri. Kuma tana aiki, kada wani ya ce maka ba ta yi. Ranar farko da na bi hanyar nan mai gargada da ita, na dawo gida ban ji dantsena yana zogi ba.

Aibinta yana bayyana ne a hankali. Sandar nan mai sheƙi a fili take, kuma mazauninta a ƙasa yake, daidai inda tayoyin gaba ke watso ƙura da laka. Duk shiga ɗaya tana tafiya da 'yar ƙura zuwa bakin robar da ke tsare mai. Ƙurar hunturu kuwa kun san ta, gari ce, babu inda ba ta shiga. Bayan wasu watanni za ka ga wani ɗan danshi baƙi a jikin sandar, ƙura ta manne a kai. Wannan man ne ya fara tsiyaya. Inda mai ya fita iska ce ke maye gurbinsa, iska kuma ba ta tokarewa kamar mai. Sai ka ji in ka girgiza kai daga tsakiya akwai ɗan fili da babu riƙo ko kaɗan, sannan daga baya ta kama. Abin haushin shi ne wannan filin a tsakiya yake, inda ka fi buƙatar riƙon. Tawa ta farko, wadda na saya da arha ta intanet babu ko sunan kirki a jikinta, ba ta ga ƙarshen damina ta biyu ba. Da muka je buɗe ta sai muka tarar a manne aka yi ta, babu hanyar sauya roba ko mai. Jifa kawai. Saboda haka tambayar farko da zan yi wa duk mai sayar da mai sanda ita ce: ana iya kwance ta a gyara? In ya fara kame-kame, na wuce.

Aibi na biyu shi ne taurinta ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ka ƙara mata tauri don ta riƙe ka a miƙaƙƙiyar hanya mai duwatsu, da wannan taurin za ka sha kwana a tsakanin bishiyoyi, hannu ya yi ta fama. In ka sassauta don kwana, ta sake ka a miƙe. Kullum cikin ciniki kake da ita.

Ta biyu ita ce mai gwangwani. Siffarta kamar gwangwanin man goge takalmi, sai dai ta fi shi kauri da nauyi, an sassaƙa ta daga dunƙulen alminiyam. A ciki wani ɗan fiffike ne ke share mai daga wannan ɓangare zuwa wancan. Babu doguwar sanda a waje, saboda haka ƙura ba ta da babbar ƙofar shiga. Kusan duk na kirki ana kwance su, a zuba sabon mai, a sauya robobi. Kuɗi kuwa, nan ne ido ke raina fata: lokacin da na duba, yawancinsu daga dala 400 ne zuwa sama, kafin a zo maganar dako da kwastan. Wato da kuɗin guda ɗaya za ka iya sayen mai sanda biyu ko uku.

Amma su ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, kuma nan ne na fi ɓata lokaci kafin in yanke shawara.

Ta kamfanin GPR ta tsaya a kan sauƙi. Maɓalli ɗaya ne babba mai lambobi, kana tafe ma kana iya miƙa hannu ka murɗa ko da safar hannu. Ka baro burji ka shiga yashi, ka rage. Ka fito ka hau marmara, ka ƙara. Ga wanda ba ya son dogon lissafi, wannan ta ishe shi.

Ta kamfanin Scotts ta fi ta yawan wuraren saiti. Akwai bawul na juyin yau da kullum, akwai wani daban na bugun bazata, sannan akwai wasu a gefe da ke ƙayyade iya inda riƙon zai tsaya daga tsakiya. Abin da ya fi burge ni da irin wadda suke yi don daji shi ne tana riƙewa ne idan kai zai bar tsakiya, amma in zai dawo tsakiya sai ta sake shi. Ka tuna yadda kututture ya yi da ni: fizgar daga tsakiya take zuwa gefe, gyaran kuma daga gefe ne zuwa tsakiya. Na'urar da ke hana na farko ta ƙyale na biyu ta fahimci matsalar. Sai dai ita da GPR sun fi shahara a wajen masu babur mai ƙafa biyu, kuma in samfurin da ake ɗaurawa a sama ne, ƙarƙashin kan babur, yakan ɗaga kan sama kaɗan. Dogon mutum zai ji daɗin hakan in yana tuƙi a tsaye. Gajere zai ji kamar an ara masa babur. Ga kuma wayar totur da tiyon birki da dole a tabbatar tsawonsu ya kai.

Precision kuwa ita ce sunan da ya fi yawo a bakin masu tseren ƙafa huɗu. A ƙasa take zama, a damƙe jikin firam, wani ɗan hannu ya haɗa ta da sandar sitiyari, ba ta taɓa tsayin kai. Wuraren saitinta biyu ne: ɗaya na tsakiya, ɗaya na gefuna. Wannan shi ne maganin cinikin da na ce ana yi da mai sanda. Kana iya taurara tsakiya yadda dutse ba zai karkatar da kai a miƙe ba, ka bar gefuna sakwa-sakwa don kwana ta yi daɗi. Dalilin da ya sa gefuna ke da muhimmanci: Raptor da YFZ450 da Honda TRX450R duk gatarin bayansu sanda ɗaya ce, tayoyin baya biyu tare suke juyawa da gudu ɗaya. Irin wannan babur ba ya shan kwana sumul kamar mota, sai ka karkata jiki, sau da yawa bayan ya ɗan zame, kai kuma ka mayar da kai ɗaya ɓangaren da sauri don ka tare shi. Damfar da ta yi tauri a gefe za ta jinkirta hannunka a daidai wannan lokaci. Ni a ganina damfar da aka ƙure wa tauri ta fi rashin damfa haɗari. Akwai kuma CCP, mai irin wannan zama na ƙasa da kuɗin da bai kai na Precision ba, ga wanda ke son gwangwani amma aljihu bai cika ba.

Yanzu, wa ya kamata ya sayi wace?

Amsar tana ƙarƙashin tayarka ne. Mutane da yawa sun fara hawa irin wannan babur ne a tuddan rairayin Dubai ko na bayan Riyad, inda ake bayar da su haya, sai su ɗauka rairayi ne ya fi wahalar da sitiyari. A'a. Yashi mai laushi shi kansa damfa ne, yana riƙe taya, yana sa kai nauyi. In yawancin tafiyarka a yashi ne ko lakar fadama, mai sanda a mataki na ƙasa-ƙasa ta wadatar, sai dai in kana yawan tsallaka sawun da wasu suka haƙa. Inda ake jin jiki shi ne busasshiyar ƙasa mai tauri: burjin da ruwa ya zaizaye, marmara, sawun shanu da ya bushe bayan damina ya zama kamar turmi-turmi, kunyoyin gona in ka yanke su a karkace, gindin gero da dawa bayan girbi, tsohon shuri da ciyawa ta ɓoye. A irin wannan wuri, in kana wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa kuma kana daɗewa a kai, kuɗin gwangwani ba asara ba ne. Gajiyar hannu ita ce ke fara kayar da mutum kafin dutse. Masu gasar tseren hamada ta Dakar, wadda a da take ratsa Agadas da hamadar Tenere, sukan yi ɗaruruwan kilomita a yini guda, kuma daga 2009 har zuwa 2024 da aka yi rukunin ƙafa huɗu na ƙarshe, Yamaha ce ke lashe shi. Babur ɗinmu ɗaya da nasu a suna, amma in tafiyarka daga gida zuwa gona ce ka duba masu aiki ka dawo, kada ka yi sayayya kamar mai shirin ƙetare Tenere.

Akwai ma waɗanda zan ce su ajiye kuɗinsu gaba ɗaya. Manyan baburan aiki na zamani, irin su Yamaha Grizzly 700 da tun samfurin 2007 aka fara fitar da shi da sitiyarin lantarki, da takwarorinsa na Honda da Polaris da Can-Am masu irin wannan na'ura, ɗan injin lantarkin da ke taimaka wa hannu yana shanye kaso mai yawa na bugun da ke tasowa daga taya. Ga nauyi, wajen kilo 300, ba kamar Raptor mai kilo 190 da 'yan kai ba. Duba jikin babur ɗinka, in ka ga an rubuta EPS, to kana da abin da ya kusa damfa tun daga kamfani. Mai tsohon babur ɗin aiki marar lantarki kuma, wanda dama kansa da nauyi musamman in an sa tayoyin huɗu duka suna ja, ya yi hattara: ƙarin tauri na iya mayar da tuƙin kamar daka. Mai sanda mai laushi ce tasa, in ma zai sa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafi. Mai yana tsinkewa in ya yi zafi, yana kauri in ya yi sanyi. Saitin da ya yi maka daidai da asubar hunturu zai yi laushi da azahar ɗin watan Afrilu, ballantana in damfar tana kusa da lagireto tana shan hucinsa. Saboda haka wurin murɗawar da hannu ke kaiwa ba tare da kwance robobin gaba ba ya fi yadda ake zato amfani. A nan GPR ta sama ta ci maki, ta ƙasa kuma sai ka tsaya ka durƙusa. Ni na saba, ɗan abin murɗawa yana cikin aljihun rigata kullum.

Kafin ka tura kuɗi, tabbatar kayan ɗaurin na samfurin babur ɗinka ne da shekararsa. YFZ450 da ya fito a 2004 da YFZ450R na 2009 suna kama a suna, amma firam ɗinsu daban ne, maɗaurin wannan ba lalle ya hau wancan ba. In babur ɗin na hannu ne, auna kaurin sandar sitiyarin, domin mai shi na farko yana iya sauya ta da wata, maƙalin kuma in bai kama daidai ba zai riƙa zamewa. Ka kuma sa a haɗo maka robobin gyara a cikin kwalin tun farko. Ba su da nauyi, ba su da tsada, amma neman su daga baya shi ne aiki. Batun mai, wanda kamfanin ya ce shi za a zuba, siririn mai irin na shokozoba. Baƙin man inji ba ya shiga nan, duk yadda yaron gareji ya rantse maka.

Ina gargaɗi kuma kan 'yan ƙananan masu sanda da ake yi wa baburan titi masu ƙafa biyu, waɗanda suka cika shagunan intanet da launi ja da ruwan gwal. Da yawansu tafiyar sandarsu gajeriya ce. In aka ɗaura wadda ba ta kai ba, sai sandar ta ƙure kafin kan babur ya kai iyakarsa, ta zama ita ce birkin sitiyari. Ko dai ta lanƙwashe, ko maɗaurin ya karye, ko kuma ka zo juyawa a ƙuntataccen wuri ka ji kai ya tsaya a rabi. Gwajin bai da wuya: bayan an ɗaura, a ɗaga gaba, a juya kai har ƙarshe hagu da dama. Ƙarfen firam ne ya kamata ya tare shi, damfar kuma a ce tana da sauran 'yar tafiya a kowane gefe. Wannan gwajin ya shafi mai gwangwani ma. A kuma guji walda a jikin sandar sitiyari don a zaunar da maɗaurin da bai dace ba.

A ƙarshe ni mai gwangwani ta ƙasa na saya wa Raptor, mai saitin tsakiya da gefe, saboda hanyata marmara ce da sawun shanu, kuma ina da saurin hannu a totur, ba na musu. Tsohuwar Honda ta gona da yara ke jan buhunan taki da ita kuwa mai sanda na sa mata, wadda ake kwancewa, muka yanko robar shokozobar acaɓa mai lanƙwasa-lanƙwasa muka suturta sandar saboda ƙura. Na fara saitin kowacce daga mafi laushi, ina ƙara mataki ɗaya ina bin hanya guda da na sani, har na kai inda fizga ta daina kai wa kafaɗata, sai na tsaya a nan. Duk ƙarshen damina muna sauya wa gwangwanin mai, mu bi notunan maƙali da sifana. Kututturen nan kuwa na koma da gatari na tone shi.